DAGA FIJO ZUWA HILUX: TARIHIN TAYAR DA KE JAN MOTA A KADUNA

 

A wani zaman karatu da muka yi kwanan baya, ɗaya daga cikinmu ya karanto mana babi na uku na labarin da yake rubutawa. Labarin ya faru ne a daminar 1978. An ɗauko amarya daga Kawo cikin Fijo 504 za a kai ta wani ƙauye a hanyar Birnin Gwari, sai mota ta kafe a taɓo. Direba ya sauke 'yan rakiya, ya taka totur, tayoyin gaba suka riƙa wulwulawa suna watsa caɓi. Muka yaba masa ƙwarai, har da tafi.

Sai wani dattijo da ya rako jikarsa wurin zaman ya nemi izinin magana. Ya ce ya yi shekaru yana lodi a tashar Kawo. Ya ce labari ya yi daɗi, sai dai Fijo 504 da tayoyin baya take tafiya; in ta kafe su ne ke wulwulawa, kuma masu turi ne ke shan caɓi a fuska. Ya ƙara da cewa da direban ya san aikinsa, da bai sauke kowa ba, cewa zai yi masu ƙiba su koma kujerar baya su danne ta.

Duk muka yi tsit. Yawancinmu ba mu riski Fijo ba sai da ta tsufa, kuma ba mu taɓa tambayar kanmu wace taya ce ke jan motar da muke shiga kullum ba. Da muka bi diddigin maganar, sai muka tarar amsar tana ɗauke da tarihin garin nan: irin hanyoyinsa, ƙarfin aljihun mutanensa, da tashi da faɗuwar masana'antar da ke tsallaken kogi. Shi ne muka ga ya dace mu kawo shi nan.

IRI UKU NE

Kowace ƙaramar mota tayoyi huɗu gare ta, amma ba dukansu ne injin ke juyawa ba.

Akwai mai turi da baya. Injin yana gaba, ƙarfinsa ya bi ta giya, ya shiga wani dogon ƙarfe da ke kwance a ƙarƙashin mota, wanda makanikai ke kira farfela, har ya isa aksul na baya. Tayoyin gaba aikinsu bin sitiyari kawai, na baya kuma turi. Haka Fijo 404 da 504 da 505 suke, haka Marsandi ta da, haka bas ɗin Hiace da tirela.

Akwai mai ja da gaba. Injin da giya suna cure a gaba, mafi yawa a kwance a gicciye, sai gajerun shaf guda biyu su kai ƙarfi ga tayoyin gaba. Tayoyin nan su ke ja, su ke shan kwana, kuma su ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Na baya bi kawai suke yi. Golf, Corolla ta yanzu, Camry, Honda Accord, Sienna da Sharan duk haka suke.

Sai mai ja da huɗu, ita kuma kashi biyu ce. Akwai wadda da baya take tafiya kullum, sai an shiga yashi ko taɓo direba ya sa giyar taimako, wadda ake kira ogzilari, tayoyin gaba su shigo aiki. Hilux ce misalinta. Akwai kuma wadda ita ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya da kanta, ba sai direba ya taɓa komai ba, kamar Prado da Subaru.

Doka ɗaya ce ke hukunci a kan dukansu: taya tana kama ƙasa gwargwadon nauyin da ke kanta. Wanda ya riƙe wannan ya gane rabin maganar, kuma ya gane dalilin da dattijon nan ya ce a danne baya.

ZAMANIN FARFELA

Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886 da tayoyin baya take tafiya. A 1891 kamfanin Panhard na Faransa ya fito da tsarin sa injin a gaba a tura da baya, kuma shi duniya ta bi har tsawon shekaru saba'in ko fiye. Ford Model T ta 1908 a kan wannan tsari aka yi ta. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Kai ƙarfi ga tayar da ba ta karkata dama ko hagu abu ne da maƙeran wancan zamani suka iya. Kai ƙarfi ga tayar da ke shan kwana tana kuma hawa da sauka a kan gargada yana buƙatar gaɓa ta musamman, kuma an daɗe kafin a samu mai ƙarko da araha.

Saboda haka lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, motocin da suka fara taka jar ƙasar garin nan duk masu turi da baya ne. Haka manyan motocin da suka riƙa kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa bakin dogo. Kwalta kaɗan ce, sauran duk burji ne, da rani ƙura da gargada, da damina taɓo. A irin wannan hanya, motar da ta ɗauko kaya ta fi kama ƙasa in da baya take turi, domin nauyin kayan a kan tayoyin turin yake zama.

Fijo ta yi suna a Afirka tun kafin a san za a haɗa ta a Kaduna. A tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan burji da taɓo na dubban kilomita, 404 ta zo ta ɗaya a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ƙanwarta 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma ci tseren Safari a 1975 da 1978.

KAKURI

An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a watan Disamba 1972, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Najeriya da kamfanin Peugeot na Faransa. A watan Maris 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar a Kakuri, kudu da kogi. A shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan motocin daga birnin Liyon zuwa Kano, sannan a ɗauko su a mota zuwa Kaduna a haɗa. A wannan zamani ne aka kafa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, da kamfanin manyan motoci na Fiat a Kano. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗa aljihun ma'aikata, ga kuma bashin sayen mota. Bayan rasuwar Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta riƙe manufar rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. A farkon shekarun 1980 motocin da ke fitowa daga Kakuri a shekara gomman dubbai ne, ma'aikata kuma dubbai.

Me ya sa 504 ta dace da mu haka? Ba a yi ta don gudu ba. Tana da tsawon ƙafa, cikinta ba ya saurin taɓa ƙasa. Shokazobanta yana da dogon zango, yana haɗiye gargada. Farfelarta a cikin wani bututun ƙarfe take, ba a fili ba, wanda ke kare ta yana kuma riƙe aksul. Wagon da akori-kura kuwa aksul ɗinsu na baya sanda ɗaya ce mai kauri, wadda aka yi don kaya. Ga injin a tsaye daga gaba zuwa baya, da fili a kowane gefe, makanike yana zura hannu ya kai ko'ina da sifana goma sha uku.

Wagon mai layin kujeru uku ita ce sarauniyar tashar Kawo. A cika ta da mutane, a danƙara buhuna a but, a ɗaure wasu a sama, ta kama hanyar Zariya da Kano da Katsina. Duk ƙarin nauyin nan a kan tayoyin turi yake sauka, shi ya sa ko a hawa ba ta rasa kamun ƙasa. Akori-kura kuma ita ke shiga kasuwannin ƙauye. Direbobinta sun san halinta: in tana da lodi ba ta tsoron taɓo, in ba komai a bayanta sai ta tsaya tana wulwula taya a kan ɗan santsin da yaro zai tsallake. Maganinta buhun yashi ko mutum uku a baya.

A gefe guda akwai Volkswagen Beetle ta Legas, wadda iyayenmu ke kira Bosuwaja. Ita injin ɗinta a baya yake, a kan tayoyin turi, don haka ko ba kaya tana kama ƙasa. Wannan tsari bai mutu ba. Duk Keke Napep da ke yawo tsakanin Kasuwar Barci da Unguwar Sarki haka yake, injin a baya, turi da baya.

A 1979 aka fito da 505, ita ma aka haɗa ta a Kakuri. Ita ce ƙaramar mota ta ƙarshe da Peugeot ta ƙera mai turi da baya. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wato mun riƙe ta fiye da shekara ashirin bayan masu ita sun wuce wurin.

YADDA DUNIYA TA KOMA JA DA GABA

Tun muna murnar buɗe Kakuri, Turai ta riga ta juya. Citroën ta fito da Traction Avant mai ja da gaba tun 1934. Rikicin mashigin Suwez na 1956 ya jawo ƙarancin mai a Ingila, sai injiniya Alec Issigonis ya ƙera Mini a 1959: ya kwantar da injin a gicciye, ya ja da gaba, ya samu wurin mutum huɗu a motar da tsawonta mita uku ne da 'yan kai. Ita kanta Peugeot ta fara ja da gaba da 204 a 1965. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, sai kowa ya bi. Volkswagen ta fito da Golf a 1974 don ta gaji Beetle. Honda Accord ta fito a 1976, Camry ta koma ja da gaba a 1982, Corolla ta bi ta a 1983.

Lissafin kamfanoni a bayyane yake. In an cire farfela da aksul na baya, mota ta rage nauyi, ta rage shan mai, cikinta ya ƙara fili, haɗa ta ya ƙara araha. Kuma tun da injin yana zaune a kan tayoyin da ke ja, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar yana inda ake buƙatarsa, abin da ke taimakon direba a kan jiƙaƙƙiyar kwalta da ƙanƙarar Turai.

Mu wannan juyi ta ƙofar talauci ya shigo mana. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje ya yi ƙaranci, sassan da ake kawowa Kakuri suka fara wuya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta karye, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin malamin makaranta da akawun da suka saye ta shekara goma baya. Sai aka koma ga gwanjon Turai, waɗanda muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. Abin da Bature ya hau ya gaji shi ake kawo mana, Bature kuwa ya riga ya koma ja da gaba. Haka Golf da Starlet da Vectra da Honda suka cika Ahmadu Bello Way da Ali Akilu. Hondar ma har sunaye muka raɗa mata, kowace ƙira da nata.

Babu wanda ya zauna ya auna hanyoyinmu ya ce ja da gaba ta fi dacewa da su. Aljihu ne ya zaɓa. Sai dai an yi dace, domin a wannan tsakanin ne aka mayar da hanyar Kaduna zuwa Kano tagwaye, kuma a kan kwalta mai kyau Golf ta fi 504 gudu da ƙarancin shan mai. Sannu a hankali Golf wagon da Sharan suka ƙwace layin lodi a Kawo da Mando.

Garejin makanikai ma ya sauya. Wanda ya ƙware a aksul da farfela dole ya koyi shaf. Kowane shaf yana da gaɓa a kusa da taya, lulluɓe da roba mai cike da giris. In gargada ko tsufa ya yaga robar, giris ya zube, yashi ya shiga, sai ka ji mota tana ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da aka karya sitiyari. Wannan ƙara ta zamanin Beljiyam ce, ba a san ta a 504 ba. Wanda ya zaga Panteka zai ga tarihin nan a zube a ƙasa: tsofaffin aksul na Fijo a gefe guda, tulin shaf na Golf da Honda a ɗaya gefen.

Kakuri ma ta bi sahu, ta shiga haɗa 306 da 406 da 307, duk masu ja da gaba. Amma kasuwa ta riga ta kuɓuce. A 2003 gwamnatin tarayya ta fara biyan jami'anta kuɗi a madadin saya musu mota, babban mai ciniki ya ja baya. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati ga 'yan kasuwa, a 2012 hukumar AMCON ta karɓi kamfanin saboda bashi. A 2022 wani sabon kamfani, Dangote Peugeot, ya fara haɗa motoci a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Kafin mu wuce, akwai motar da ke hana mu yanke hukunci da gaggawa, wato J5. Kowa ya san yadda ake danƙara mata kwandunan tumatir da buhunan albasa, alhali da gaba take ja. Rashin farfela ne ya sa ƙasanta ya yi ƙasa-ƙasa, cikinta ya yi faɗi, lodi ya yi sauƙi. Amma direbobinta sun san inda take kasawa: in an cika bayanta ta tarar da hawa mai santsi, gabanta ya yi sauƙi, tayoyin su riƙa karce ƙasa. Dokar nauyi ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

MASU JA DA HUƊU

Ita wannan yaƙi ne ya yaɗa ta. Sojan Amurka sun fara amfani da Jeep a 1941, kuma daga sunanta muka samu kalmar jif. Ingila ta fito da Land Rover a 1948, Japan ta fara abin da ya zama Land Cruiser a 1951. A Arewa Land Rover motar aiki ce: ta jami'in rangadi, ta malamin dabbobi, ta 'yan sanda, ta masu allurar rigakafi. Kujerunta ba taushi, gudunta kaɗan, amma tana kai mutum ƙauyen da ba hanya.

Toyota ta fito da Hilux a 1968, ta ƙara mata ja da huɗu a 1979. A 1987 sojojin Cadi sun fatattaki tankokin Libiya da akori-kurar Toyota, har ake kiran faɗan da sunan kamfanin. A wasan tsere kuma Audi Quattro ta 1980 ta nuna cewa ja da huɗu yana amfani ko a ƙaramar mota mai gudu. Peugeot ta mayar da martani da 205 Turbo 16, wadda ta ci gasar duniya a 1985 da 1986, sannan ta ci tseren Faris zuwa Dakar, mai ratsa hamadar Nijar, a 1987 da 1988.

A wurinmu ma'anar jif ta sauya bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. Jerin gwanon da a da Fijo ce ke cika shi ya koma na Prado da Land Cruiser da Hilux. Motar malamin dabbobi ta zama shaidar muƙami. Nan akwai abin da ya kamata marubuci ya tsaya ya duba. A 1978 babban sakatare da direban tasha kusan mota ɗaya suke hawa, ramin da ya girgiza wannan shi ke girgiza wancan. Yau mai iko yana cikin motar da aka ƙera don kada ya ji ramin. Ba mu ce wannan ne kaɗai dalilin lalacewar hanyoyi ba, amma wanda ramin bai dame shi ba ba ya gaggawar cike shi.

Wani abin dariya kuma, ba duk jif ce ke ja da huɗu ba. Highlander da Lexus RX a kan ginshiƙin Camry aka gina su, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su, har da RAV4 da CR-V, da gaba kawai suke ja. Mai ita yana taƙama a Unguwar Rimi, ranar da ya kai gaisuwar rasuwa ƙauye da damina sai a nemo samari su tura.

TO, WACE TA FI?

Sai an faɗi hanya da kaya da aljihu kafin a amsa.

A taɓon watan Agusta, a lungunan da kwalta ba ta kai ba a Rigasa ko Rafin Guza, mai ja da huɗu ce gaba. Bayanta, in mota ba kaya, mai ja da gaba ta fi, saboda injin ya danne tayoyinta. In da lodi kuwa, ko ana hawa tudu, mai turi da baya ta fi, domin nauyi baya yake komawa. Dukansu kuma akwai abin da ke cin amanarsu. A tsakiyar aksul akwai wani ƙullin haƙora da ke ba tayar dama da ta hagu damar juyawa da gudu daban-daban a kwana. In taya ɗaya ta faɗa santsi, sai ita ta yi ta wulwulawa, 'yar uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cak. Shi ya sa ƙara totur ba ya fitar da mota, sai dai ya ƙara binne ta.

A kwana kan jiƙaƙƙiyar kwalta, kowace da irin zamewarta. Mai ja da gaba in an shiga da gudu sai ta ƙi shan kwanar, hancinta ya miƙe. Da direba ya sassauta totur takan dawo hanya. Mai turi da baya in an taka mata totur a tsakiyar kwana, bayanta ne ke zillewa ya nemi wuce gaba, kuma mayar da ita sai gwani. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake ganin ja da gaba ta fi sauƙi ga sabon direba.

Wajen tsayawa, babu wadda ta fi. Kowace mota da tayoyi huɗu take birki. Ja da huɗu yana taimakon tashi da tafiya, ba ya rage nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya, kuma jif ta fi nauyi da tsayi, ta fi saurin kifewa in an fizgi sitiyari. Mutane da yawa sun halaka a kan wannan rashin fahimta. Haka kuma ogzilarin Hilux ba na busasshiyar kwalta ba ne. In aka bar shi a ciki, gaba da baya suna kokawa da juna a kowace kwana har wani abu ya karye.

Wajen aljihu, mai ja da gaba ce ke da nasara. Mai ja da huɗu ta fi shan mai, kayan gyaranta sun fi yawa, kuma wadda ke raba ƙarfi da kanta tana son tayoyinta huɗu su zama girma ɗaya, ba a yi mata haɗe-haɗen gwanjo. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mun ga jif da yawa sun kwanta a gida an lulluɓe su da tamfol, masu su sun koma ƙaramar Corolla. Abin da ya faru da Turai a 1973 shi ya same mu bayan shekara hamsin.

ABIN DA YA SHAFI ALƘALAMINMU

A yawancin littattafanmu mota ado ce. Mukan ambaci sunanta da launinta da tsadarta don a san saurayin ɗan gidan wane ne, shi ke nan. Alhali mota tana da shekara, tana da hali, tana da ƙara, kuma tana faɗin matsayin mai ita fiye da duk wani kirarin da za mu yi masa.

In labarinmu na 1978 ne, ma'aikaci Fijo ko Bosuwaja yake hawa, attajiri Marsandi, jami'in gona Land Rover. Golf ba ta yi yawa a tasha ba sai bayan SAP, kuma ba a jin ƙas-ƙas ɗin shaf a kwanar gidan amarya. In na 1995 ne, tsohuwar 504 da ke ƙofar gida tana iya ba da labarin mutumin da ya taɓa samun albashi mai auki, yanzu ba ya iya sauya ta. In na bana ne, jif ɗin da ta kafe a hanyar ƙauye tana iya tona asirin mai ita ba tare da mun ce uffan ba.

Hanyar sanin waɗannan abubuwa ba ta da nisa. Tsofaffin direbobi suna nan a Kawo da Mando, tsofaffin makanikai suna nan a gareji, waɗanda suka yi aiki a Kakuri suna nan cikin unguwanninmu, kuma yawancinsu jira suke a tambaye su. Gidan Arewa yana kan titin Rabah, ma'ajiyar tarihi ta ƙasa tana kan Yakubu Gowon Way. Wanda ya buɗe tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo zai ga tallan motoci da farashinsu na kowane zamani. Mutanen nan kullum raguwa suke yi, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake da Hausa ba.

Shi ɗan uwanmu mai labarin amarya ya koma ya gyara babinsa. Ya nemi dattijon har gida, suka yi yini guda. A sabon rubutun, direba ya sa gwaggon amarya da ƙawarta suka koma kujerar baya, samari suka cusa ganye da itace a ƙarƙashin tayoyin baya, aka sa giya ta biyu aka saki kuloci a hankali. Mota ta fita, babban abokin ango da ke turi ya tashi da jan taɓo tun daga hula har takalmi, a haka ya shiga garin surukai. Babin ya fi na da ban dariya, kuma ba direban da zai karanta ya ce ƙarya ne.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauki mota guda da ke cikin labarinsa, ya binciko shekarar da ta fito, da tayar da ke jan ta, da wanda ke iya sayenta a shekarar da labarin ya faru. Wanda ya ga kuskure a abin da muka kawo, muna maraba da gyara, musamman daga iyayenmu direbobi da makanikai.

Allah ya ƙara mana basira, ya tsare mu a kan hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.